Kamfe ba tare da yarfe ba: abin da aikin mazaɓa ya koya mana

A kwamitin yaɗa labarai na ɗan takara, rigimar farko kullum ɗaya ce: kuɗin rediyo a kan manufa za a kashe su, ko a kan tonon asirin abokin hamayya? Mu manufa muka zaɓa, amma sai da muka ɗaure ta da ƙa'ida kafin ta yi aiki.

Mun taƙaita alkawuran ɗan takara zuwa uku, kowanne da wuri, da kuɗin da zai ci, da lokacin gamawa. "Za mu inganta lafiya" ba matsaya ba ce, kowa ma yana faɗa. Asibitin wace unguwa, ungozoma nawa, daga wane sashe na kasafin kuɗi? Wannan ne wakilin akwati zai iya maimaitawa a majalisar dare ko gidan suna ba tare da takarda ba. Darasin ba sabo ba ne: a 1979 jam'iyyar PRP ta tsaya kan soke haraji da jangali, ta ci Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su, har yau talaka na tunawa.

Inda aiki ya fi ba mu wuya shi ne sojojin baka. A kan kowane shirin rediyo ake biyansu, kuma sun san zagi ne ke sa a yi ta yaɗa muryarsu a WhatsApp. Don haka muka gindaya musu sharaɗi: a soki aiki, a kira sunan kwangila da shekarar da aka ware mata kuɗi, amma ban da asali, addini, iyali da lafiyar jikin mutum. Kowane shiri sai mun saurare shi kafin ya tafi gidan rediyo, wanda ya ƙetare iyaka kuma ba a biyansa. A lokacin, Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya riga ya hana kalaman ɓatanci a kamfe, sai dai a gaskiya tsoron rasa kuɗi ya fi tsoron doka tasiri a kansu.

Idan an yi mana ƙage, a ranar muke amsawa, sau ɗaya, da takardar shaida, kuma ta bakin kakaki. Idan ɗan takara ya amsa da kansa, ya ɗaukaka zancen; idan kuma aka yi shiru kwana biyu, jama'a su ɗauka gaskiya ne.

Yarfe yakan juyo kan mai shi. A Janairun 2015 gwamnan Ekiti, Ayo Fayose, ya buga talla a jaridu da hotunan Murtala, Abacha da 'Yar'aduwa, yana nuni da cewa Buhari ma zai mutu a kan mulki. Jama'a suka fusata, kwamitin kamfen Jonathan ya nesanta kansa da tallar, Buhari kuma ya ci zaɓe. Ga kuma sauya sheƙa: wanda ka kira ɓarawo bana, baɗi yana iya zama ɗan takararka, muryarka kuwa tana nan a wayoyin mutane.

Ba na cewa hanyar nan mai sauƙi ce. Tana da jinkiri, magoya baya kan ce mun yi sanyi, wasu matasa har sukan koma inda ake rabon kuɗin data don zagi. Mafi nauyi shi ne ranar da ɗan jam'iyyarku ya yi yarfen: dole ɗan takara ya fito a ranar ya ce ba da yawunsa ba, ko da mutumin babba ne a mazaɓar.