Hita ba gareji ba ce

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin mota in bar wankin kafet. Na san akwai 'yan'uwanmu da ke shigowa sana'ar nan a Shikago da garuruwan kewaye, yawanci da rani suke farawa, lokacin da komai ke tafiya lami lafiya. Maganar hunturu nake so in bar musu.

Injin wankin kafet da aka girke a bayan mota ba a wajen aiki yake mutuwa ba. Muddin yana kunne, ruwa na yawo, tukunyar da ke karɓar zafi daga hayaƙin inji tana ɗumama komai. Da dare ake yin ɓarnar, bayan an kashe shi an tafi gida. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da wajen kashi 9 cikin 100, ƙarfe kuwa ba ya miƙewa. Ɗan ruwan da ya kwana a cikin kan famfon injin, ko a geji, ko a bakin sandar wanki, wato bututun da ake ja a kan kafet yana fesa ruwa, ya isa ya tsaga su. Kuma ba za ka gani ba sai ƙanƙarar ta narke, kana ƙofar gidan kwastoma.

Maganin abin sananne ne, yana cikin littafin kowane inji. Ko dai motar ta kwana a gareji mai ɗumi, ko a zubar da ruwan tankuna, a tura ruwan hana daskarewa da aka gauraya da ruwa rabi da rabi ta famfo har ya fito ta ɗaya bakin, a hure tiyo da iska. Haɗin rabi da rabi yana jure sanyin da ya kai digiri 37 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos. Da safe a ɗauraye haɗin daga inji a tara a jarka, don guba ne, ga zaƙi, kare ko magen kwastoma za su lashe shi.

Manajanmu bai yarda da ko ɗaya ba. Gareji tsada, in ji shi, tura ruwan kuma yana cin lokacin da kamfani zai biya. Dabararsa ita ce hita: kowace mota cikin motocinmu uku a saka mata ƙaramar hita ta lantarki, a jawo doguwar waya daga bangon sito. Na ce masa, "Oga, hita ɗaya mai wat 1,500 tana jan amfiya 12 da rabi. Layin nan amfiya 20 yake ɗauka. Biyu ma sun yi masa yawa, balle uku." Ba ilimin jami'a ba ne, a jikin hitar aka rubuta. Ya dube ni ya ce shi ya fara sana'ar nan tun ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Gaskiyarsa ne kuwa. Amma ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A sanyin yau da kullum an riƙa tsira, saboda hitocin suna kamawa suna saki, ba lokaci guda suke ja ba. Sai ga ƙarshen Janairun 2019. Ranar 30 ga wata sanyi a Shikago ya kai digiri 23 ƙasa da sifili a ma'aunin Faranhait, wato wajen 30 a Salsiyos, har gidan waya ya dakatar da kai wasiƙu. Hitoci uku suka kama gaba ɗaya, babu mai saki, wuta ta yanke daga akwatin fiyus cikin dare, ba kowa a wurin. Da aka koma aiki, motoci biyu sun tsira da fashewar geji da bakunan tiyo. Tawa ce a ƙarshen layi: tukunya ta tsage, kan famfo ya tsage.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau yake tsaya mini a wuya. Ya gaya wa mai kamfani wai ni na manta ban jona wayar ba. Ya kawo takarda in sa hannu a riƙa cirar kuɗin gyara daga albashina. Na ƙi. Dokar jihar Ilinoi ba ta yarda a yanki albashin ma'aikaci saboda kayan da suka lalace ba sai da rubutacciyar yardarsa, kuma shi ma ya san haka, shi ya sa ya kawo takardar. Albashi dai bai taɓu ba, amma jadawali a hannunsa yake. Manyan gidaje da ofisoshi suka koma wajen wasu, ni aka bar ni da ƙananan ɗakunan haya a hawa na uku, ina jan tiyo a matakala har bazara. Abokan aikin da suka ji gargaɗin da na yi masa da kunnensu, kowa ya sunkuyar da kai. Ban riƙe su ba, kowa na da iyali. Tun daga lokacin duk abin da na gaya wa manaja da baki, sai na bi shi da saƙon tes, kuma kowane dare nakan ɗauki hoton soket kafin in tafi.

Sauran ƙanana ne. Tiyon ruwa idan yana kwance a kan ƙanƙara kada ka bar shi shiru, ka riƙa danna sanda ruwa ya yi ta gudu don kada ya daskare, shi ne na ƙarshen shimfiɗawa kuma na farkon naɗewa. Sinadarai da sandar wanki su kwana a ɗaki. Kada sanyi ya sa ka kunna inji a cikin garejin kwastoma ko ka juya salansa wajen ƙofarsa, hayaƙin nan yana kisa ba tare da wari ba. A gwada batir tun Oktoba. A wanke ƙarƙashin mota saboda gishirin titi. Farin tabon gishiri a kafet ɗin ƙofar ofis ba ya jin sabulu, ɗauraya mai ɗan tsami yake so.

Hunturun da ya biyo baya kamfani ya kama hayar gareji mai ɗumi. A taron ma'aikata manajan ya gabatar da shi a matsayin shawararsa, aka tafa masa. Ni ma na tafa. Kuɗin watannin da na yi ina hawa matakala dai babu wanda ya sake ɗaga maganarsu.