Su wa ake kira jiga-jigai?

Mai sauraron labaran siyasa a rediyo ba ya rasa jin an ce "jiga-jigan jam'iyya sun gana a Kaduna". Daga lambu kalmar ta fito. Jigo shi ne abin ɗiban ruwa na masu noman rani: a kafa gwafa a bakin rijiya ko rafi, a gitta mata doguwar sanda, a ɗaure guga a kai ɗaya, ɗaya kan kuma a liƙa masa curin laka ko dutse don ya rinjayi nauyin ruwan. Ran da jigo ya karye ban ruwa ya tsaya, kafin a ankara albasa ta fara yaushi. To, mutum ba ya cin wannan suna sai tafiya ta dogara da shi haka.

Shi ya sa kalmar ba ta son tsayawa ita kaɗai, sai an faɗi abin da aka ɗauki nauyinsa: jiga-jigan jam'iyya, jiga-jigan ƙungiyar 'yan kasuwa. Malam Aminu Kano jigo ne a tsohuwar jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, domin ba a ba da tarihinta a tsallake shi.

Abin da ke ɓata kalmar yanzu shi ne raba ta kamar goro. Duk wanda ya sauya sheƙa, ko akwatin ƙofar gidansa bai taɓa kawowa ba, washegari sai a ga an rubuta "jigo ya fice". Wannan ƙara gishiri ne, kuma mai karatu yana ganewa.

Kowane rukunin manya da sunansa. Masu dukiya attajirai ne, ko masu hannu da shuni. Zaɓaɓɓun mayaƙa zaratan sojoji ne. A fada ana kiran mutum da sarautarsa: Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta su ne masu zaɓen sarki a Kano, ba wanda zai ce musu jiga-jigan fada ya ji daɗin bakinsa. Waɗanda maganarsu ke da tasiri ko ba muƙami, masu faɗa a ji.

A yi hattara da "shafaffu da mai". Ƙorafi ne a cikinta, na wanda aka hana yana kallo aka ba wasu. Wanda ya sa ta a katin gayyata ko jawabin maraba da nufin girmamawa, ya zagi manyan baƙinsa bai sani ba.