Yadda na nemi a janye maƙalata da kaina

Wata ɗalibata mai digiri na biyu ce ta gano kuskuren. Ta nemi in ba ta bayanan gwajin dawa da muka wallafa shekara biyu kafin nan, domin ta ɗora nata aikin a kai. Bayan kwana uku sai ga ta a ofis da littafin gona, wanda ruwan damina ya taɓa jiƙa gefensa har tawada ta ɗan baje. Ta buɗe shi kusa da kwamfuta ta ce, "Malam, don Allah a duba mini, lambobin filayen nan ba su dace da na cikin Excel ba."

Na duba. A littafi, fili na 7 takin gargajiya aka zuba masa, amma nauyin hatsin da ke gabansa a kwamfuta na fili na 12 ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na gane abin da ya faru. Lokacin da nake tsara bayanan, na jera layin nauyin hatsi shi kaɗai daga babba zuwa ƙarami, sauran layukan suka tsaya inda suke. Da na mayar da kowace lamba gurbinta na sake lissafi, bambancin da muka ce mun samu tsakanin nau'ikan taki biyu da muka gwada ya ɓace gaba ɗaya. A daren nan ban runtsa ba.

Washegari na je wurin farfesan da muka rubuta maƙalar tare. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ba za a iya tura gyara kawai ba?" Na fahimci dalilinsa, don maƙalar tana cikin takardun da na gabatar na neman ƙarin girma. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma haka na so, amma ƙarshen binciken ne ya rushe."

Nan ne darasi na farko, kuma da yawanmu ba a taɓa koya mana shi ba. Mujallu suna da matakai. Idan kuskuren ƙarami ne, kamar sunan marubuci ko lamba ɗaya a jadawali, kuma sakamakon yana nan daram, sai a buga sanarwar gyara a haɗa ta da maƙalar. Idan edita yana da shakku amma bincike bai kammala ba, yakan buga sanarwar nuna damuwa. Janyewa kuwa sai an tabbatar ba za a iya dogara da sakamakon ba. Kwamitin kula da ɗa'ar wallafa bincike, wato COPE, wanda wasu editocin mujallun likitanci suka kafa a Birtaniya a 1997, ya fitar da ƙa'idojin janyewa a 2009, ya sabunta su a 2019. Abin da ya kwantar mini da hankali a cikinsu shi ne, manufar janyewa gyara taskar ilimi ce, ba hukunta marubuci ba, kuma kuskuren da aka yi ba da gangan ba yana cikin dalilan da aka amince da su.

Na rubuta wa edita wasiƙa gajera, na haɗa da hotunan shafukan littafin gona da lissafi biyu, tsoho da sabo. Duk marubutan suka sa hannu. An ɗauki watanni ana kai da komo, galibi a kan kalmomin sanarwar. Daftarin farko cewa kawai ya yi an janye maƙalar bisa buƙatar marubuta. Na ƙi amincewa. Sanarwa irin wannan tana barin mai karatu ya yi ta zato, wani ya ɗauka satar fasaha ce, wani ya ɗauka ƙirƙirar alƙaluma aka yi. Na dage sai an faɗi kuskuren da sunansa, da kuma cewa mu muka kai rahotonsa. Aka yarda.

A waɗannan watannin na sha tuna Frances Arnold, wadda ta ci kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2018, amma a Janairun 2020 ta sanar da kanta cewa sun janye maƙalarsu daga mujallar Science saboda an kasa maimaita sakamakon. Abin da yake damuna shi ne, a jerin janye-janye irin na shafin intanet na Retraction Watch, wanda Ivan Oransky da Adam Marcus suka fara a 2010, mai gaskiya da mai maguɗi kan zauna kafaɗa da kafaɗa. A 2023 kaɗai an janye maƙaloli sama da 10,000, mafi yawansu daga mujallun kamfanin wallafa Hindawi da masu sayar da maƙalolin bogi suka kutsa. Bayanin da ke cikin sanarwar ne kawai zai raba ka da masu maguɗi.

Na ɗauka da sanarwar ta fito an gama. Ashe da sauran rina a kaba. Ba a goge maƙalar da aka janye. Tana nan a shafin mujallar da tambarin janyewa a kowane shafi. Amma kwafin da mutane suka sauke tun farko ba shi da wannan tambari, kuma shi ne yake yawo a wayoyi da kwamfutocin ɗalibai. Har yanzu Google Scholar, shafin neman maƙalolin ilimi, yakan sanar da ni cewa wani ya kafa hujja da ita. Duk lokacin da hakan ta faru, ina neman adireshin marubucin in aika masa da sanarwar.

Ɗalibar ta sake gwajin a daminar da ta wuce. Kowace Juma'a mukan zauna mu biyu, ita tana karanto lambobi daga littafin gona, ni ina bin su a kwamfuta, fili bayan fili.