Gawa ɗaya a ƙasar da ta gaji da ƙirga gawawwaki

Ƙagaggen labarin binciken kisan kai ya ginu ne a kan yarda cewa ran mutum ɗaya ya isa a tayar da hankalin gari saboda shi. Shi ya sa nake ganin babu lokacin da ya fi gwada wannan salon rubutu kamar watannin da ke biyo bayan yaƙin basasa, sa'ad da mutuwa ta daina ba kowa mamaki.

A ɗauki Najeriya a shekarar 1970, lokacin da yaƙin Biyafara ya ƙare. Jagoran Biyafara, Ojukwu, ya fice zuwa Kwaddibuwa, mataimakinsa Philip Effiong ya miƙa wuya a Legas ranar 15 ga Janairu, kuma shugaban ƙasa Janar Gowon ya shelanta cewa babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi. Ma'anar wannan a aikace ita ce a bar kaza cikin gashinta. To, a cikin wannan yanayi, a ƙaddara an tsinci gawar wani ɗan kasuwa a Sabon Garin Kano, mutumin da ya gudu lokacin kashe-kashen 'yan kabilar Ibo a Arewa a 1966 ya dawo neman gidansa. Waɗanda za a zarga suna da yawa: maƙwabcin da aka bar wa gidan amana yana karɓar haya, sojan da ya dawo daga fagen daga da bindigar da ba a rubuta ta ko'ina ba, ko ɗan'uwan mamacin wanda dukiyarsa ta banki ta koma fam 20 kacal bisa tsarin gwamnatin lokacin.

Mai binciken da ya fi burge ni a nan shi ne tsohon ɗan dokar En'e, wato ɗan sandan hukumar gargajiya, domin a shekarun ne aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya. Ya san unguwa gida-gida, amma duk tambayar da ya yi game da daren kisan sai ta kai shi ga abin da ya faru a 1966, abin da shaidu ba sa son tunawa, wataƙila shi ma haka.

Inda marubuci ke iya zamewa shi ne ya mai da makashin wakilin wata ƙabila, wanda hakan ke sa mai karatu ya gano shi tun babi na uku. Gara dalilin ya zama na yau da kullum, wato gado, bashi ko takardar gida, yaƙin kuwa ya zama abin da ya ba shi mafaka. Dole kuma a kiyaye ƙananan abubuwa: fam da sule ake kashewa, domin naira sai 1973, motoci kuma hannun hagu suke bi har 1972.

Akwai kuma dokar soja ta 1970 da ta tanadi hukuncin kisa kan fashi da makami, wadda ta kai ga harbe mutane a bainar jama'a a Bar Beach, wani bakin teku a Legas. Idan aka ɗauki kisan a matsayin fashi, ɗan sandan ya san cewa duk sunan da ya rubuta a rahotonsa, mai shi na iya ƙarewa ɗaure a jikin turke.