Bayan Zane Nake Fara Dubawa

Sana'ata saye da sayar da tsofaffin zane-zanen fenti, amma ba irin waɗanda attajirai ke rububi a kansu ba. Nawa su ne marasa sa hannu, waɗanda in ka kalla sai ka yi dariya, ko ka tsaya kana tunanin me ya shiga kan mai zanen. Mu biyu ne a harkar, ni da mai gyara mini firam, sai wata ƙwararriya da nake kai wa zane idan yana son wanki.

Dalilin arharsu a fili yake: a wannan kasuwa suna ake saye. Zanen da ba a san mai shi ba, ko ya shekara ɗari biyu, manyan dillalai ba sa waiwayarsa, alhali a nan abubuwan mamaki suke. Dubi shanun Ingila na farkon ƙarni na 19. Masu gonaki kan biya a zana musu dabbobinsu don tinƙaho, mai zane kuwa ya san abin da ake so, sai ya yi jiki kamar akwati, ƙafafu kamar tsinke, kai ɗan mitsitsi. Zanen da John Boultbee ya yi wa wani shahararren sa da ake kira san Durham, wanda aka buga a 1802, ya taimaka wajen yaɗa wannan yayi. Akwai kuma ƙananan zanen Meziko a kan fallen ƙarfe, na godiya bayan an tsira daga ciwo ko hatsari, da na masu zane da ke yawo gari-gari a Amurka, inda za ka ga jariri da fuskar dattijo.

Idan zane ya zo hannuna, kifa shi nake fara yi. Fuska tana iya yaudara, baya bai cika yi ba. Tsohon kyallen da aka yi zanen a kai yakan yi duhu, katakon da aka ɗaura shi a kai ma haka, ƙusoshi sun yi tsatsa. In na ga an kama kyallen da sitefula, to ko dai aikin na tsakiyar ƙarni na 20 ne zuwa yau, ko an sake ɗaura shi daga baya. Hatimin shagon da ya sayar da kyallen, tsohuwar takardar da aka manna, lambar gwanjo da aka rubuta da alli, duk shaidu ne, kuma ba na bari a goge su.

Sai da na sha kafin na koyi wannan. A shekarata ta farko na yi cinikin biri a sama: na ga hoton wani zane a intanet, wata mata ce riƙe da aku da ya kusan kai ta girma, na biya ba tambaya. Da ya iso na sa gilashin ƙara girma, sai ga ƙananan ɗigo-ɗigon launi. Ashe bugun inji ne aka manna a kyalle, aka shafe da man sheƙi har da sawun buroshi na ƙarya. Yana nan rataye inda nake aiki, ban sayar wa kowa ba.

Yanzu ba na rabuwa da fitilar ultrabayolet. In na haska ta a cikin duhu, tsohon man sheƙi yakan ba da haske kore-kore, inda aka yi faci daga baya kuma ya fito baƙi-baƙi. Fentin kansa yana faɗin shekarunsa. Shuɗin Farusiya an gano shi a Balin a farkon ƙarni na 18, farin titaniyom kuwa bai yaɗu ba sai wajen shekarun 1920. Wannan farin fentin ne ya tona asirin mai zanen jabu Wolfgang Beltracchi, wanda kotun Jamus ta ɗaure a 2011, bayan an sami farin a zanen da aka ce Heinrich Campendonk ya yi a 1914. Irin wannan gwaji aikin ɗakin bincike ne, kuɗinsa ya fi yawancin hajata, don haka abin da idona bai tabbatar ba, ba na rubuta shi a takardar ciniki.

Masu mafarki ne suka fi ba ni aiki. Kowa ya ji labarin zanen Salvator Mundi, da aka saya a ƙaramin gwanjo a 2005, aka danganta shi da Leonardo da Vinci, a 2017 ya zama zane mafi tsada da aka taɓa sayarwa a gwanjo. Sai mutum ya shigo yana neman tsuntsu daga sama gasasshe. Nakan ce masa, ranka ya daɗe, ba na sayar da wannan. In saniyar nan mai siffar akwati ta burge ka, ɗauki. Wasu su fita ba sallama. Wani ya tsaya ya ƙura mata ido, ya tuntsire da dariya, ya ce a naɗe masa.