Dogon gudun Asabar da burin awa biyu

Asabar, tsakiyar hunturu, Kaduna.

Yau ce ranar dogon gudu a jadawalin atisayenmu, saboda haka ana idar da sallar asuba na ɗaura takalmi na nufi Dandalin Murtala, inda muka saba haɗuwa. Dukanmu masu sha'awa ne kawai, akwai malamin makaranta, akwai tela, akwai ma'aikatan gwamnati, kuma babu ko ɗaya daga cikinmu da gudu yake ciyar da shi. Hazo ya sauko sosai, sanyi yana ratsa riga, har wasu suka rufe hanci da ƙyalle kafin mu tashi.

Burin da na sa wa kaina a bana shi ne in kammala rabin gudun famfalaki, wato kilomita 21.1, cikin ƙasa da awa biyu, kuma lissafinsa a fili yake: dole ne in riƙa cinye kowace kilomita cikin minti 5 da daƙiƙa 40 tun daga farko har ƙarshe. Na zaɓi in ɗaura burina a kan agogo ne, ban ɗaura shi a kan matsayi ba, domin matsayi ya dogara ga waɗanda suka zo gasar a ranar. Wanda ya kalli gasar rabin famfalaki da aka yi a nan Kaduna a watan Nuwamba na 2020 ya ga yadda 'yan gabashin Afirka suka yi wa kowa fintinkau, kuma ko a cikin gida, matasan Filato da suke atisaye a kan tsaunukan Jos da Pankshin ba sa'o'inmu ba ne. Wanda yake da aiki da iyali, yake satar lokacin gudu tsakanin asuba da fitowar rana, idan ya ce da waɗannan zai yi gogayya, takaici kawai zai saya wa kansa. A ƙarƙashin babban burin na ajiye wani ƙarami, cewa idan ranar ta zo da zafi ko jiki ya ƙi, to in kai ƙarshe ba tare da na koma tafiya ba, domin kada rushewar na farko ta sa in watsar da gasar a tsakiyar hanya.

Mun bi ta Independence Way zuwa shataletalen Lugard Hall, muka miƙe titin Ali Akilu ta Unguwar Sarki muka nufi Kawo. Tun a kilomita ta farko samari uku suka fizga gaba, kuma na ji ƙafata tana son ta bi su, domin a wannan lokacin jiki sabo ne, numfashi a kwance yake, kuma babu wanda yake jin daɗin a bar shi a baya. Dattijon da muke kira Baba, tsohon soja ne da ya haura sittin, yana gefena, ya ce ba tare da ya waiwayo ba: "Malam, ƙyale su, za mu tarar da su a hanya." Haka kuwa aka yi, domin muna juyowa daga gadar Kawo muka iske biyu daga cikinsu sun dafa gwiwa a bakin titi suna haki.

A ganina nan ne mutane suka fi kuskuren fahimtar juriya. Ana ɗaukar ta a matsayin cije baki a ƙarshen gasa, alhali rabinta yana cikin hana kai a farko, lokacin da zuciya take cewa a ƙara wuta. Ko Eliud Kipchoge, shahararren ɗan tseren Kenya, da ya yi kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na ƙasar Austria a shekarar 2019, abin da ya fi burge ni a gudun nasa shi ne yadda ya riƙe kusan minti 2 da daƙiƙa 50 a kowace kilomita ba tare da hawa da sauka ba, ko da yake ba a ƙirga lokacin a matsayin tarihin duniya ba saboda yadda aka tsara masu ja masa gaba. Dalilin hana kai a farko kuwa a jiki yake: sukarin da tsoka da hanta suke ajiyewa yana da iyaka, kuma wanda ya fara da gudun wuce sa'a yana ƙone shi da wuri, kamar mai albashin da ya cinye kuɗin wata a makon farko.

Tawa jarrabawar ta zo ne bayan kilomita ta goma sha biyu, lokacin da muka ƙara da zagayen Unguwar Rimi. Cinyoyina sun yi nauyi, ƙura ta bushe mini maƙogwaro, sai zuciya ta fara kawo hujjoji masu kama da gaskiya, wai ai atisaye ne ba gasa ba, wai abin da aka yi ya isa. Daidai lokacin wani mai Keke Napep ya rage gudu a gefena, ya leƙo yana murmushi ya ce: "Yallaɓai, a ƙarasa da kai ne?" Na ɗaga masa hannu na gode. Abin da na yi shi ne na daina tunanin nisan da ya rage, na mayar da hankali ga turken fitilar da ke gabana, idan na kai shi in zaɓi na gaba. Na sassauta kafaɗu, na buɗe tafin hannuna da na dunƙule ban sani ba, na jefa dabino biyu a baki na kurɓi ruwa. Na kuma bincika ciwon da kyau, domin gajiyar da ta bazu a tsoka ita ce ake haƙuri da ita, amma zafin da ya tsaya wuri ɗaya a gwiwa ko idon sawu yana sukar mutum, wannan tsayawa yake bukata, kuma ƙin tsayawar ba jarumtaka ba ce. Nawa na gajiya ne, don haka na ci gaba, muka rufe kilomita 16 a kan kimanin minti 6 da daƙiƙa 10 kowace ɗaya, wanda ya dace da dogon gudu, tunda ba a yin sa da saurin ranar gasa.

Muna shan shayi bayan mun gama, Baba ya duba littafin da nake rubuta lokutana, ya ce a ganinsa awa biyu ta yi mini kusa a bana. Na ce: "Baba, a bar ni in gwada." Ya ce babu laifi, amma a sa sharaɗi, kuma muka tsaya a kan cewa a ƙarshen wata zan gwada kilomita 10 da dukan ƙarfina. Idan na shigo cikin minti 54, burin yana nan daram. Idan ban shigo ba, za mu ɗaga shi zuwa bayan damina, kuma in sha Allahu daga Talata zan fara gudun tazara na mita 800, wato maimaita gudu mai sauri ana ɗan hutawa a tsakani, domin shirin wannan gwajin.