Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Azumin da Baba Ya Kwanta

A makon jiya na tsaya a inda muka koma gidan haya a Garwa ta ƙasar Kamaru, kusa da kogin Binuwai, mahaifina ya kafa keken ɗinkinsa a zaure. Shekarar 1994 ta zo mana da tsanani, domin a watan Janairu aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa guda da ake canzawa a kan sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, tun daga shadda har maganin asibiti, ga shi kuma tun a 1993 gwamnati ta zabtare albashin ma'aikata, waɗanda su ne mafi yawan masu kawo wa Baba ɗinki.

Azumi ya kama a watan Fabrairu. Ana saura kwana goma sha biyu salla zazzaɓi ya kayar da Baba, alhali yadin mutane na jibge a zaure, wasu ma sun ba da kafin alƙalami, kuɗin kuwa sun riga sun shiga tukunya. Wani maƙwabcinmu ya kai shi asibiti a kan babur, aka rubuta magani, Inna ta sayar da 'yan kunnenta aka saya.

Gida uku tsakaninmu da wani tela Bafulatani wanda ba sa ga-maciji da Baba, tun da wani mai kawo masa ɗinki ya bar shi ya dawo wurinmu. A dare na uku, bayan an idar da asham, sai ga sallamarsa. Ya durƙusa a bakin tabarmar Baba ya yi masa sannu, sannan ya ce, "Malam, ina littafin awo?" Baba ya ce, "Ka bari, kai ma naka aikin ya ishe ka." Ya ce, "In na bari, da me 'ya'yan mutane za su je idi?"

Abin da na daɗe ban fahimta ba shi ne dalilin da ya sa bai kwashi yadin ya kai shagonsa ba, ga shi kekensa ya fi namu sabunta. Kullum sai ya gama nasa aikin ya zo ya hau keken Baba, ya yi ta ɗinki har a fara tashin sahur. Sai da na girma Inna ta gaya mini cewa so yake masu wucewa su riƙa jin ƙarar keke daga zaurenmu, kada su ɗebe tsammani su zo karɓar kayansu. Ni ne mai riƙe masa fitila idan aka ɗauke wuta, kuma har yau ina ganin faso a dugadugansa suna hawa da sauka a kan feda, da guntun alli a bayan kunnensa, yana gyangyaɗi yana farkawa.

Ta bayan gida kuma, wata tsohuwa da muke kira Goggo takan miƙo kwanon kunun gyaɗa ta kan katanga gab da buɗa-baki, kullum da magana ɗaya, wai ta dama ya yi mata yawa. Inna ta san ba haka ba ne, amma ba ta taɓa ƙure ta ba.

A jajibirin salla aka karɓi riga ta ƙarshe. Baba, da ya fara zama da kansa, ya ƙirga kuɗin ya raba biyu ya aike ni da kaso ɗaya. Telan ya zari kuɗin zaren da ya saya kawai, ya mayar mini da sauran, sannan ya jawo wata 'yar riga da ya harhaɗa da ragowar ƙyallaye ya gwada a kafaɗata, ya ce, "Ɗana, ka ce wa Malam hannun ya ɗan yi tsawo, in ya warke ya rage maka."